Ranar da Mai Wankan Gawa Ta Yi Magana

Ni 'yar mahauta ce, matar mahauci kuma, saboda haka ban taɓa zaton akwai ranar da jini zai ba ni tsoro ba. Tun ina 'yar shekara shida nake wanke tumbi da hanji a bayan gidanmu. In an ajiye mini kayan cikin saniya a kwano, zan nuna muku mahaifa, in gaya muku ko mai lafiya ce. Amma a shekarar da Yayata ta kwanta, ɗigon da bai fi ƙwayar gyaɗa ba ya hana ni sukuni har wata huɗu, kuma ban gaya wa kowa ba.

Mu biyu Inna ta bari, ni da Yaya. Ta girme ni da shekara shida, kuma duk a Garwa aka kawo mu aure, ita a unguwar Pumpumre, ni can wajen kasuwa. Al'adarta ta ɗauke tana da shekara arba'in da bakwai. Har murna ta yi, wai yanzu ta huta da ramuwar azumi. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai jini ya dawo, kaɗan-kaɗan, yau akwai gobe babu. Kun san abin da Yaya ta yi? Ta yafa mayafi ta tafi Islamiyya ta tambayi malamarsu ko za ta yi salla. Malama ta ce wannan ba haila ba ce, jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta sake alwala ta yi sallarta, amma ta je asibiti a duba ta. Yaya rabin farko kawai ta ɗauko ta dawo da shi gida. Tunda an ba ta hukunci, a wajenta magana ta ƙare. Wata goma sha ɗaya tana sabunta alwala tana gode wa Allah, har ranar da jiri ya kayar da ita a bakin murhu.

A nan Garwa aka yi mata aiki, aka cire mahaifar. Likitar mace ce, 'yar kudu, doguwa, ba ta jin Hausa sai Faransanci, Fulatancinta kuma bai wuce gaisuwa ba. Yaya ba ta yi boko ba, ni kuwa na yi, don haka na zama tafinta. Wanda bai taɓa wannan aiki ba bai san azabarsa ba. Duk mummunar magana ta kunnena take fara shiga, ni zan tauna ta, in zare mata ƙaya, sannan in miƙa wa 'yar'uwata da murmushi. Sunan ciwon ma sai da na kwana biyu kafin bakina ya iya faɗa mata: ciwon daji ne, a shimfiɗar nan ta cikin mahaifa wadda ke zubewa duk wata.

An aika naman da aka cire zuwa Yawunde, daga can ma aka ce an tura shi gaba. Da amsa ta dawo, likita ta ce mu zo mu biyu, ta nanata, mu biyu. Ta ce in saurara da kyau. Jikin mutum, in ji ta, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace da dogon rubutu a cikinta mai gaya mata aikinta. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun nan kaf. Mai kwafa kuwa ba ya rasa kuskure, musamman inda harafi ɗaya ya yi ta maimaituwa, ido ya tsallake ɗaya ko ya ƙara ɗaya. Shi ya sa Allah ya sa masu gyara a bayansa, su huɗu, biyu-biyu suke aiki, suna bin layi suna gyarawa. Ita dai ba ta ce Allah ba, ni na ƙara. A naman Yaya an nemi biyu daga cikinsu an rasa. Ba mai gyara, sai kuskure ya hau kan kuskure, rubutu ya ƙi zama wuri ɗaya, har ƙwaya ta manta lokacin da ya kamata ta daina rabuwa.

Na juya wa Yaya wannan da Hausa. Ta ce, “To ina suka tafi, masu gyaran?”

Na mayar wa likita tambayar. Ta ce hanya biyu ce. Wani lokaci a cikin naman ciwon kaɗai suke lalacewa, abin ya tsaya a kan mai shi. Wani lokaci kuma da raunin ake haihuwar mutum, wajen uwa ko uba ya gado shi, kuma duk ɗan da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. In na gado ne, ba mahaifa kaɗai yake taɓawa ba, har da hanji, kuma yakan zo wa mutum da sauran ƙarfinsa. Gwajin jinin da zai raba gardama ba a nan ake yi ba, sai an tura nesa, sai an yi watanni. Kafin nan tana so ta san tarihin gidanmu: wa ya mutu, yana da shekara nawa, da wane ciwo. Ta jawo farar takarda ta zana 'yan da'ira, kowace ɗaya mace ɗaya. Ta ɗora biro a kan ta sama da mu, ta ce, “Mahaifiyarku fa?”

Na ce ta rasu ina da shekara goma sha uku.

“Da me?”

Wallahi ban sani ba. Mu a gidanmu ba a mutuwa da ciwo, da ajali ake mutuwa. Inna ta yi ta ramewa, wata rana na dawo daga makaranta na tarar da mutane a ƙofar gida, aka ce kwana ya ƙare. Kaka haka, babbar yayar Inna haka. Yaya kuwa an riga an kawo ta Garwa a lokacin, zaman makoki kawai ta tarar. Likita ta bar da'irorin fari fat, ta ce mu tambayi manya.

Sai ta dube ni ta saman gilashinta. “Ke fa? Shekararki nawa?” Na ce arba'in da uku. “Al'adarki daidai take? Ba kya ganin komai a tsakani?” Na ce lafiya lau. Ƙarya na yi mata, ido cikin ido. A lokacin wata biyu ke nan ina ganin ɗigo a ranakun da ba nasa ba.

Kada ku tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina. Ni ce fa na yi wa Yaya masifa a gadon asibiti, na ce mata mutum da hankalinsa ya zauna wata goma sha ɗaya da jini kamar ba a jikinsa ba! Ga shi gemun ɗan'uwa ya kama wuta, maimakon in shafa wa nawa ruwa sai na rufe shi da mayafi. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na yi wa kaina wani lissafi na wauta: in har Inna ba wannan ne ya kashe ta ba, to ba na gado ba ne, abin Yaya nata ne ita kaɗai, nawa kuwa shekaru ne kawai suka fara juyawa. In sami wannan amsar tukuna, sannan in je a duba ni da kwanciyar hankali.

Aka wuce da Yaya Yawunde don ƙarin magani, domin nata ya riga ya tsallake mahaifa. Ɗiyarta ce ta bi ta. Ni na zauna a Garwa da zafin bazara da abin da ke cikina. Sau goma nake shiga banɗaki a yini in duba. In babu, in fito ina tsokanar yara. In akwai, in jingina da bango har sai wani ya buga ƙofa. Rigar maigidana in ya dawo daga mayanka, wadda shekara ashirin da uku nake wankewa ba tare da na ko yamutsa fuska ba, ta koma tana tayar mini da zuciya. Ina yi wa 'yar autata kitso sai in tsaya ina kallon ƙeyarta, ina cewa a raina, wannan wane rabin ta ɗauka? Ran nan na zauna na lissafa shekarun Inna da yatsu, daga shekarar aurenta zuwa haihuwata zuwa rasuwarta. Arba'in da huɗu. Na sake lissafawa ko zan sami ƙari, ban samu ba.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta san amsa. Ƙanwar Inna ce, muna ce mata Yafendo kamar yadda Fulani ke kiran ƙanwar uwa, tana zaune a Mayo-Ulo inda aka haife mu. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu, fiye da shekara arba'in. Ita ta wanke Inna, ita ta wanke Kaka, ita ta wanke babbar yayarsu. Na ce wa maigida zan je gaida tsohuwa. Na hau mota ta hanyar Gider, na isa da la'asar, gumi har cikin takalmi.

Na same ta a gindin magaryar tsakar gidanta tana ɓare gyaɗa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, ba ta da yawan magana, in ta kalle ka sai ka tuna duk sallar da ka yi a gurguje. Muka gaisa, ta tambayi jikin Yaya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na daure har washegari da hantsi, sannan na zauna kusa da ita na ja tiren gyaɗar gabana.

Na ce, “Yafendo, da me Inna ta rasu?”

“Da kwananta.”

“Na sani. Amma ke kika wanke ta.”

“Ni na wanke ta.”

Na kwashe bayanin likita kaf na gaya mata, da rubutu, da masu gyara, da rabi da rabi. Na ce ba gulma ta kawo ni ba, magani ake nema. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina ɓare gyaɗa ba.

Ta ce, “Na wanke rabin matan garin nan. Kin taɓa jin na ce wance tana da tabo a cinya? Mace takan yi shekara sittin tana rufe jikinta, wani wurin mijinta ma bai gani ba. Ran da ba ta iya jan zane da kanta, ni ake kira. Don me ake kirana ba a kiran wata? Kina tsammani don hannuna ya fi na kowa laushi? Don bakina ne. Abin da na gani a ɗakin wanka, da shi za a binne ni.”

“Haba Yafendo, uwata ce fa!”

“Kafin ta zama uwarki yayata ce. Tashi ki duba tukunya.”

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ina da baki, kowa ya shaida, kuma in tsoro ya kama ni bakin yakan riga hankali fita. Na ce, “To shi ke nan. Riƙe amanar matattu, ki bar masu rai su bi su ɗaya-ɗaya, ai ba za ki rasa aikin yi ba.”

Hannunta ya tsaya. Ta dube ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce, “Wannan rashin kunyar, ta Garwa ce ko ta boko?” Ta ɗauki tirenta ta shiga ɗaki. Ranar ba ta sake yi mini magana ba, amma ta aiko mini da tuwona har da man shanu.

Na yi niyyar komawa washegari. Abin da na manta shi ne, matar da ta yi shekara arba'in tana karanta jikin mata ba a ɓoye mata jiki. Ta ga na yi alwala da azahar, ban ci komai ba, ban yi barci ba, na sake wata da la'asar. Ta ga na wanke ɗan tsumma na ƙi shanya shi a igiya, na kai shi ɗaki na rataye a bayan gado. Da safe ina ɗaure kayana sai ga ta a bakin ƙofa. Ta zo ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen haske, ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa.

Ta ce, “Wata nawa?”

Na ce, “Na me?”

“Kada ki maishe ni yarinya. Wata nawa?”

“Huɗu.”

“Matar lopital ɗin, likitar nan, ta sani?”

Na girgiza kai. Sai kawai na ji na zauna a ƙasa ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Na ce, “Yafendo, tsoro nake ji. Shekarar Inna saura mini ɗaya. Ki ce mini ba shi ba ne, don Allah ki ce mini ba shi ba ne, in koma gida.”

Ba ta ce mini ba shi ba ne. Ta tsaya a kaina tana kallon bango, leɓenta na motsi. Daga baya ta ce, “Shashasha. Duk bokon naki.” Ta fita. Na ji tana gaya wa maƙwabciya ta kula mata da awaki. Da ta dawo da ƙullin kayanta a hannu take, ta ce, “Tashi. Kai ni wajen matar.”

Muka hau mota daga Mayo-Ulo har Garwa. Carbi kawai take ja. Ni kuwa na riga na gane, don da amsar mai daɗi ce da ba sai ta bar awakinta ba.

Washegari muka sami likita. Yafendo ta tuɓe takalmi a bakin ofis, na ce ba a tuɓewa, ta ce ita za ta tuɓe. Ta zauna a bakin kujera kamar za a ce ta tashi. Ta ce, “Faɗa mata ni ce ƙanwar uwarku. Faɗa mata abin da zan faɗa ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba, kuma in akwai alhaki a wuyana yake, ba a naki ba, ba a nata ba.” Na faɗa da Faransanci. Likita ta jawo takardar nan daga cikin fayil ɗin Yaya.

Yafendo ta ce, “Tukuna. Da mai rai za a fara. Faɗa mata wata huɗu kina jini. In kika rage kalma ɗaya zan gani a fuskarta.”

Na faɗa, kaina a ƙasa. Likita ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Numfashi kawai ta ja, ta rubuta wani abu a gefe, ta ja masa layi biyu.

Sannan tsohuwa ta fara. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli likita ba, tafin hannunta take kallo. Ta ce uwarsu ba ta kai hamsin ba, cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu, kuma a ƙasan cibiya akwai abu mai tauri da hannu ke ji. Na juya. Likita ta cike da'ira ɗaya da baƙi. Ta ce babbar yayarsu ita a hanji ne, bayan gida da jini har shekara, daga baya ciki ya toshe, ta mutu fata da ƙashi tana da 'yar goye a gida. Na juya. Da'ira ta biyu.

Sai Yafendo ta zo kan Inna.

“Uwarki shekara biyu tana jini. Da shi take daka, da shi take ɗebo ruwa, da shi ta yi wa Yayarki kayan ɗaki. Ni kaɗai ta gaya wa, ta ce kada yara su sani. Na ce to. Ran da ta rasu na yi mata wanka uku, abu bai daina fita ba. Na yi biyar. Na yi bakwai. Auduga ta ƙare a gidan, na yage gefen zanena. A ƙarƙashin gadonta na tarar da tukunya cike da tsummoki, wankakku, a ninke. Na ƙone su a bayan gida kafin ki dawo daga makaranta.” Ta ɗago kai. “Faɗa mata.”

Da bakina na faɗa. Jikin uwata, wanda ko gwiwarta ban taɓa gani ba, ni na tuɓe shi da yaren Turawa a gaban baƙuwa. Da na zo kan auduga sai kalmar ta ɓace mini ɗungurungum, ni da nake zaune a garin da motocin auduga ke hana mu tsallaka titi. Na yi ta nuni da hannu kamar bebiya, har likita ta faɗa mini ita. Ta cike da'ira ta uku. Da ta Yaya huɗu ke nan, tawa tana gefe, fara.

Likita ta miƙe, ta zagayo, ta ɗan durƙusa wa Yafendo, ta yi mata godiya da ɗan Fulatancin nan nata. Tsohuwa ta juyo wajena. Ta ce da ni, “Tambaye ta, ni me ya sa ya bar ni?” Likita ta ce wataƙila ba ta ɗauka ba, wataƙila kuma ta ɗauka bai tashi ba, sai an gwada. Yafendo ta ce a bar ta, ita ta riga ta ci rabonta da na wasu.

A ranar aka tsakuro nama daga cikin mahaifata. Likita ta ce ba za ta bar ni in fita ƙofar nan ba sai an yi, don ta ga irina. Da zafi, amma ba zafin ne ya dame ni ba, jiran ne. Mako uku. Na gaya wa maigida a ranar, yana wasa wuƙaƙensa a tsakar gida. Ya ajiye wuƙa, ya ce, “Wata huɗu, muna ɗaki ɗaya?” Yafendo ta ƙi komawa Mayo-Ulo. Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin yara, ta karɓe mini girki, tana ta ƙorafin wai gishirin Garwa ba ya kama miya. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ji fitsari. Na rame har zobena ya soma zamewa wajen alwala.

Amsa ta zo: shi ne. Irin na Yaya sak, har masu gyaran biyu da aka rasa su ne dai. Sai dai nawa, a yadda suka gani, bai tsallake shimfiɗar ba tukuna. Wannan karon ba wanda zan juya wa magana, tawa ce, a kunnena ta tsaya. Likita ta ce za a cire mahaifa da ƙwayayen kwai gaba ɗaya, kuma daga yanzu har ƙarshen rayuwata za a riƙa leƙa hanjina da na'ura. Na ce a cire, a cire yau in za a iya. Da na fito, tsohuwa ce ta riƙe ni muka sauka matakala.

Gwajin jinin ya dawo bayan watanni, ya tabbatar da abin da muka riga muka sani. 'Ya'yana uku da na Yaya huɗu, kowa rabi da rabi, kuma na zaunar da manyan na gaya musu komai da sunansa, har da tukunyar. Yaya ba ta tashi ba. Da ta rasu, wata mata ce daga unguwarsu ta wanke ta, domin tun ranar ofishin nan Yafendo ba ta sake shiga ɗakin wankan gawa ba. Liman ya aika mata cewa abin da ta yi lalura ce, ceton rai ne, ba laifi a kanta. Ta ce ta gode, amma ba liman ne ya ce wa yayarta “to” ba.

Sai dai tun kafin wannan duka, akwai safiyar da ta biyo bayan aikina. Ina kwance a ɗakin mata, allurar barci ba ta gama sakina ba, ina ji amma ido ya ƙi buɗuwa. Sai na ji ruwa mai ɗumi a hannuna na dama. An wanke yatsu sau uku. An wanke na hagu. An shafa mini fuska, a hankali, daga goshi zuwa haɓa. An rufe ni da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, wani hannu mai tsumma yana bi ta ƙarƙashi ba tare da ya ɗaga zanen ba, ɓangaren dama tukuna. Kusa da kunnena kuma muryar Yafendo, ƙasa-ƙasa, tana bisimilla.

Inna lillahi! Na ce shi ke nan, ban tashi daga aikin ba. Ashe haka ake ji. Ashe mutum yana ji. Na tuna 'yar autata ba ta gama makaranta ba, na tuna ban nemi gafarar tsohuwar nan kan maganar da na gaya mata ba. Na tattara duk ƙarfin da ya rage mini, na ƙwalla ihu:

“Yafendo! Ina da rai!”

Idona ya buɗe. Hantsi ne, fanka na juyawa, matan gadajen kusa duk sun zabura, wata har ta zubar da kununta. Yafendo na tsaye da ƙaramin kwano da tsumma, ko gezau.

Ta ce, “Na sani, mai bakin tsiya. Gumi ne ya dame ki, kina wari. Ni wankan da na iya ke nan.” Ta matse tsumman. “Ɗaga hannun nan da kanki. Na gaji da ɗaga wa matan gidanmu hannu.”

Ɗinkin ya ja ni har cikin raina, amma na ɗaga. Na riƙe shi a sama, ta wanke mini hamata tana kuka, ta ce in ɗaga ɗayan.